Wanda Ya Biya Kuɗin Asibiti Bai Sayi Sirrin Mara Lafiya Ba



'Yan uwa mazauna Ƙofar Wambai da maƙwabtanmu, da 'ya'yan unguwa da ke zaune a wasu garuruwa suna bin wannan shafi, yau zan koma kan maganar da ta tayar da ƙura a taronmu na ƙarshen wata. Waɗanda suka halarta sun san yadda aka kaya. Na kawo shawarar ƙungiya ta rubuta wa Majalisar Dokokin Jihar Bauchi takarda game da matan da ake duka a gidajen aurensu, a kan abu biyu: wa zai biya kuɗin maganinsu, kuma wa ke da ikon ganin abin da likita ya rubuta a kansu. Ban rufe baki ba wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Sakatare, bar wannan magana, sirrin gida ne." Wani daga baya ya ce so nake in kashe wa mutane aure. Ana cikin haka aka kira magariba, aka tashi ba a tsayar da komai ba.

Tunda ban samu na ƙarasa a zaure ba, zan ƙarasa a nan. Abin da zan faɗa ra'ayina ne, ƙungiya ba ta yanke hukunci a kai ba tukuna. Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini, ƙofa a buɗe take.

Abin da ya sa na ta da maganar

Littafin asusun taimako na ƙungiya a hannuna yake, saboda haka akwai abubuwan da nake gani waɗanda sauran 'yan ƙungiya ba sa gani. Labarin da zan bayar na nemi izinin mai shi, kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta. Kada wanda ya biyo ni da tambayar wace ce.

Wata baiwar Allah ta aiko ƙanwarta wurin maiɗakina, tana neman a ranta mata kuɗin hoton ƙashi. A lokacin hannunta ya kwana tara a karye. Mijinta ma'aikaci ne, yana da inshorar lafiya, kuma sunanta na ciki. Na yi mamaki, na ce me zai sa mai inshora ta nemi rance? Amsar da ta dawo mini ita ce ta hana ni barci. Katin yana aljihun wanda ya karya hannun. Fayil ɗin asibitin na iyali ne, sunansa ne a bango, lambar wayarsa ce a ciki. Sannan akwai ɗan uwansa da ke aiki a wannan asibiti. Ta san idan ta taka ƙafa can da safe, kafin azahar labari ya riga ta isa gida.

Sai ta yi abin da mata da yawa ke yi. Ta aika kemis aka sayo mata maganin kashe zafi, ta kira mai ɗori ya ɗaure mata a ɓoye. Da hannu ya kumbura ya fi ƙarfinta, muka ba da kuɗin, ta tafi wani asibitin daban. Amma ba ita kaɗai ta je ba, an haɗa ta da 'yar rakiya daga dangin miji. A kan benci, a gaban jama'a, 'yar rakiya na tsaye a kanta, aka tambaye ta me ya same ta. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Haka aka rubuta.

Hannun ya warke a karkace. Sana'ar hannu take yi tana rufa wa kanta asiri, yanzu ba ta iya yi kamar da. Da abin ya sake faruwa ta kai ƙara kotu tana neman a raba auren saboda cutarwa, aka ce ina hujja. Ba wanda ya gani da ido, takardar asibiti kuwa cewa ta yi faɗuwa ce. A ƙarshe sai da ta yi hul'i, danginta suka haɗa sadaki aka mayar. Ku duba, jama'a: ta biya da hannunta, ta biya da aljihunta, ta kuma biya da sadakinta. Wanda ya yi ɓarnar ko sisi bai yi asara ba.

Kada wani ya ce labarin mace ɗaya ne. Binciken ƙidayar lafiya na ƙasa na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka tun daga shekara 15. A cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun fuskanci cutarwa daga miji, ta jiki ko ta shimfiɗa ko ta muzantawa. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Idan wani yana ganin unguwarmu ta fita daban da sauran ƙasar, to ya tambayi masu kemis da ungozomomi.

Ta ina sirrin ke fita?

Masu cewa ai asibiti yana riƙe sirri ba su tsaya sun duba yadda ake bin layi ba. Ƙofofi huɗu na lura da su.

Ta farko wurin biyan kuɗi. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Kuɗin kati, kuɗin ɗinki, kuɗin hoto, kuɗin magani, duk sai an biya kafin a yi. Matar da ba ta da nata kuɗin dole ta miƙa hannu, kuma a mafi yawan gidaje wanda za ta miƙa wa shi ne wanda ya ji mata ciwon. Idan ya ba da, zai nemi rasit. Idan ya ga dama ya hana.

Ta biyu inshora. A tsarin inshorar ma'aikata, ma'aikaci ne mai rajista, matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 suna ƙarƙashinsa. Tsarin yana da amfani ƙwarai, ba na musu. Amma idan matsala ta kai a tura mara lafiya babban asibiti, sai an nemo lambar amincewa daga masu kula da inshorar. Idan aka samu tangarɗa, wa ake kira? Wanda lambarsa ke fayil.

Ta uku fayil ɗin iyali. Takarda ɗaya ta ɗauke gida guda. Maigida ya kai yaro yana zazzaɓi, a miƙo masa fayil ya riƙe yana jiran layi, ya buɗe ya karanta duk abin da matarsa ta faɗa wa likita makon jiya.

Ta huɗu baki. Bauchi gari ne da kowa ya san kowa. Daga Wunti zuwa Jahun, daga Kobi zuwa Nassarawo, da wuya ka shiga ma'aikata ba ka samu wanda kuka haɗa dangi ko makaranta ba. Yawancin ma'aikatan lafiyarmu masu amana ne, suna aiki cikin ƙarancin kayan aiki da yawan jama'a, Allah Ya saka musu. Amma mutum ɗaya mai sakin baki ya isa ya kori mata ɗari daga asibiti.

Me doka ta ce?

Ba wai ƙasar nan ba ta da doka ba ne. Akwai su, kuma ya kamata kowa ya san su.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira dubu 100 ce ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A sashe na 26 ta ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya, ciwonsa da maganinsa da zamansa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko idan yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa waliyyinsa ya nema, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Ku sake karanta jerin. Babu inda aka ce wanda ya biya kuɗi. Babu inda aka ce miji, matuƙar matar baliga ce mai hankali.

Dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015. Ta sa dukan abokin aure a jerin laifuka, da ɗaurin da ka iya kai shekara 3 ko tarar da ba ta wuce naira dubu 200 ba. Ta ce wanda aka zalunta yana da haƙƙin samun taimakon magani da na shari'a da na kwantar da hankali, ta kuma hana a wallafa abin da zai fallasa shi a lokacin shari'a. Da yake waccan a Abuja kaɗai take aiki, jihohi sai da suka yi nasu. Jihar Bauchi ta yi tata, Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a 2020. Sai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman.

To idan duk waɗannan suna nan, me nake nema kuma? Ina neman a haɗa zancen kuɗi da zancen sirri wuri ɗaya, domin a rayuwar matar da aka doka abu ɗaya ne. Doka ta ce tana da haƙƙin magani, amma mai karɓar kuɗi a taga ba haƙƙi yake karɓa ba, rasit yake yankewa. Idan ba a gaya masa asusun da zai caje ba, ita zai caje. Doka ta ce fayil ɗinta sirri ne, amma muddin sai ta bi ta aljihun miji kafin a buɗe fayil ɗin, sirrin ya tashi tun kafin ta ga likita. Wannan shi ne giɓin, kuma a cikinsa ne hannun waccan baiwar Allah ya karkace.

Mun taɓa ganin irin wannan a ƙasar nan. Shekara da shekaru mutanen da aka harba da bindiga suna mutuwa a ƙofar asibiti ana jiran takardar 'yan sanda. Sai da aka yi doka ta musamman a 2017, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta ce a fara magani ko da takarda ko babu, ko da kuɗin ajiya ko babu. Ba wanda ya ce a lokacin ai akwai dokar gaggawa ta 2014, a bar shi haka. An gane cewa wata matsalar sai an kira ta da sunanta.

Masu cewa al'adar Turawa ce

Na san wasu za su ce daga waje na kwaso. Gaskiya ne wasu ƙasashe sun riga mu gane matsalar. A Amurka kamfanin inshora kan aika wa mai rajista takardar bayanin duk abin da aka kashe wa waɗanda ke ƙarƙashinsa, ta nan azzalumin miji yake gane matarsa ta je asibiti, da ranar da ta je, da inda ta je. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a Janairun 2015, wadda ta ba wanda ke ƙarƙashin inshorar wani damar neman a riƙa aiko masa bayanin nasa kai tsaye. Tun 1994 kuma dokar tarayyarsu ta sa wa jihohi sharaɗin ɗaukar kuɗin gwajin likita na waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Amma ba sai mun haye teku ba. A Kano akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. A Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru. A Legas akwai Cibiyar Mirabel tun 2013. Waɗannan wurare suna karɓar waɗanda aka ci zarafinsu, musamman ta hanyar fyaɗe, su duba su kyauta kuma cikin sirri. Kano da Sakkwato ba su bar addini ba don sun yi haka. Abin da nake cewa shi ne matar da aka fasa wa kai a Ƙofar Wambai ta samu irin wannan rufin asiri a asibitin da ya fi kusa da ita, kuma ya zama haƙƙi ne a rubuce, ba alfarmar da za ta ƙare ranar da masu ba da tallafi suka tattara nasu ya nasu ba.

Sannan wace al'ada ce tamu? Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan cutarwa ta tabbata alƙali yana da ikon raba aure ba tare da matar ta fanshi kanta ba. Kalmar da za a riƙe ita ce tabbata. Duka a ɗaki ake yin sa, ƙofa a rufe. Takardar likita ta gaskiya tana cikin abubuwan da za su taimaki alƙali ya gane gaskiya. Duk wanda ya sa mace ta ce faɗuwa ta yi, ya rufe idon alƙali, ya sa an karɓi dukiyar wadda aka zalunta an ba wanda ya zalunce ta. Wannan ba taimakon shari'a ba ne.

Masu cewa sirrin gida ne

Baba, da dukkan girmamawa, ai ni ma sirrin nake karewa. Bambancinmu shi ne sirrin wa. Abin da ake kira sirrin gida a irin wannan hali yakan zama rufin asirin mai duka, ita kuwa wadda aka doka nata asirin a buɗe yake: maƙwabta sun ji kuka, yara sun gani, mai kemis ya sani, 'yar rakiya ta kai rahoto. Mutum ɗaya ne aka hana ya sani, shi ne likitan da zai iya taimakonta.

Kuma ku lura da yadda irin wannan magana take ƙarewa idan aka danne ta. Ba ta mutuwa. Wata rana sai dai a ji ta a ofishin 'yan sanda, ko a gidan rediyo, ko a ga hoton fuska a kumbure yana yawo a Facebook da WhatsApp, an ambaci unguwa an ambaci dangi. A nan ne mutuncin gida yake zubewa gaba ɗaya. Da tun farko ta samu ɗakin da za ta faɗi gaskiya a yi mata magani ba tare da kowa ya ji ba, da abin bai kai can ba. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Masu cewa za a kashe aure

Ba takardar likita ke kashe aure ba, duka ke kashe shi. Ni ma mai son sulhu ne, na zauna zaman sasanci a gaban mai unguwa da liman ba sau ɗaya ba sau biyu ba, kuma na ga auren da aka gyara ya ɗore. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma sulhu ba ya ɗora ƙashi, nasiha ba ta tsayar da jini. A fara yi mata magani, sannan a zauna. Dokar da nake nema ba ta tilasta wa mace ta kai ƙara, ba ta tilasta mata ta bar gidanta. Zaɓi yana hannunta. Idan ta yafe ta koma, takardar tana ajiye ba wanda ya gani. Mijin da ya san akwai inda ake rubuta gaskiya zai yi tunani sau biyu kafin ya sake ɗaga hannu, wannan kuwa gyaran aure ne.

Masu cewa miji ne ke biya, dole ya sani

Bari in yi tambaya. Mu nawa ne a ƙungiyar nan asusun taimako ya taɓa biya wa kuɗin asibiti? Da yawa. Shin wannan ya ba ni, a matsayina na sakatare, ikon in je in karɓo fayil ɗin mutum in karanta a taro? Da na yi haka, da ranar za a tsige ni, kuma da an yi daidai. Ma'aikatar da ke biya maka inshora ba ta da ikon sanin ciwon da kake ɓoyewa. Biyan kuɗi ɗaukar nauyi ne, ba ciniki ba ne. A gidan da ake zaman lafiya matar da kanta za ta gaya wa mijinta abin da likita ya ce tun kafin ya tambaya, ba ruwan doka da su. Inda doka ke shiga shi ne gidan da sanin nasa zai jawo mata wani dukan.

Masu cewa babu kuɗi, ko za a yi cuwa-cuwa

Wannan ƙorafin yana da nauyi, ba zan raina shi ba. Amma tukwanen da za a ɗiba suna nan. Dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun na taimakon gaggawa ne. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni. A jiharmu akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, wato BASHCMA, akwai kuma asusun amanar lafiya, wato BHETFUND. Ba sabuwar ma'aikata nake nema ba. Layi ɗaya ne a kasafi, da sunansa, wanda asibiti zai riƙa caja.

Na nace a kan kasafi ne saboda darasin da muka gani. Wancan asusun da aka kafa a 2014, sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Shekara huɗu doka tana kwance a takarda. Dokar da ba a ɗaura mata jaka ba, ado ce.

Batun cuwa-cuwa kuwa, likita ne zai duba raunin, kuma abin da za a biya ƙayyadadde ne. A riƙa bin lissafi da lamba maimakon suna, masu binciken kuɗi su duba. Ni dai ban san macen da za ta ɗora wa kanta gorin an doke ta don ta samu bandeji kyauta ba. Matsalarmu ita ce waɗanda aka doka suna cewa ba a doke su ba.

Abin da nake so mu nema

Ko ta hanyar gyara dokar VAPP ta jiha, ko sabuwar doka, a rubuta waɗannan ƙarara:

1. Duk wanda ya zo asibitin gwamnati da raunin dukan cikin gida, mace ko namiji, yaro ko tsoho, a yi masa maganin farko, ɗinki, hoton ƙashi da magani, ba tare da kuɗin ajiya ko takardar 'yan sanda ko sa hannun miji ba. Asusun gwamnati ya biya.

2. Takardar shaidar likita ta zama kyauta. A ba mai ita idan ta nema, ko kotu idan ta buƙata, ba wani ba.

3. Kowane baligi ya samu damar buɗe fayil nasa daban da na iyali, da lambar wayar da shi ya zaɓa. Wanda ke ƙarƙashin inshorar wani ya iya ganin likita da shaidarsa, kuma kada a aika rasit ko saƙo ko kira zuwa ga mai rajista ba da izininsa ba.

4. A tambayi mai rauni abin da ya same ta ita kaɗai, a ɗaki, 'yan rakiya suna waje. Idan ta fi son mace ta duba ta, a yi ƙoƙarin hakan.

5. Ma'aikacin da ya fitar da sirri a hukunta shi, kuma a liƙa a bangon kowane asibiti, da Hausa da ajami, inda za a kai ƙorafi.

6. A fayyace iyakar sirrin. Idan yaro ne ake cutarwa, ko rai yana cikin haɗari a fili, ko kotu ta yi umarni, a san wanda za a sanar da yadda za a yi. Kada sirri ya koma mafakar azzalumi.

Kafin majalisa ta motsa

Ba za mu naɗe hannu muna jiran 'yan majalisa ba. A taro mai zuwa zan kawo shawara biyu. Ta farko, a ware wani kaso na asusun taimako don irin wannan larura, a damƙa shi a hannun iyayenmu mata biyu amintattu, ni a ba ni lamba da adadi kawai, ba suna. Ni kaina bai kamata in san wace ce ba. Ta biyu, mu kai takardarmu ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu, mu ba mai unguwa da limamanmu kwafi, mu nemi sauran ƙungiyoyin unguwannin cikin gari su sa hannu tare da mu.

'Ya'yan unguwa da ke aikin lafiya, likitoci da ma'aikatan jinya da masu ajiyar kati da masu kemis, akwai abin da ba ya buƙatar doka ko kasafi. Idan mace ta zo da raunin da bai yi kama da labarin da take bayarwa ba, ku ce 'yar rakiya ta ɗan jira a waje. Ku rubuta abin da idonku ya gani. Abin da kuka ji a wurin aiki ku bar shi a can.

Mu kuma maza, kowannenmu yana da 'ya ko ƙanwa a gidan wani. Ranar da aka kira ka aka ce taka ce take kwance da karyayyen hannu ta kwana tara tana tsoron zuwa asibiti, ba za ka ce sirrin gida ba ne. Tambayar da za ka yi ita ce me ya sa ba wanda ya taimake ta. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda yake goyon baya ya zo taro ya faɗa da bakinsa. Wanda yake adawa shi ma ya zo da hujjarsa, za mu saurara. Roƙona ɗaya: a ƙarƙashin wannan rubutu kada wanda ya ambaci sunan kowa ko ya yi habaici ga wani gida. Duk sharhin da ya yi haka za a goge shi.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Ƙofar Wambai, Bauchi.